Jaki Mai Lilo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ko mai goge yana kallon hannunsa, ya san ɗan itacen nan da ake kafawa bisa fata domin tsirkiya ta hau kansa. Hausawa sun raɗa masa suna jaki, kuma sunan ya dace da shi, tun da aikinsa ɗaukar kaya ne ba ƙorafi. Tsirkiya tana danne shi, shi yana danne fata, fata tana ba ƙwarya amo. Ba ya gusawa sai in makaɗi ya matsar da shi da yatsa. Gita ma da ta zo mana daga waje tana da nata jakin, kuma a yawancin waɗanda muka saba gani jakin a kafe yake, ko kuwa yana kwance bisa jikin gitar. Amma akwai wani iri da ya riƙa shigowa ƙasar Adar cikin kayan ƴan ci-rani da kayan gwanjo, wanda ba a kafe yake ba, lilo yake yi tsakanin ja biyu. A kansa nake son in yi magana da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, domin na ga ya karya wa yara zuciya, ya kuma sa kayan kiɗa masu tsada sun koma rataye a bango suna shan ƙura.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan Badagishiri da gitar lantarki. Hanyar da ta rabu da babban titi a Tsarnawa ta nufi Tawa ta cikin garinmu take ratsawa, kuma daga Tawa ta miƙa Abalak da Agadas. Abin da ya gangaro daga arewa, raƙumi ne ko waƙa, sai ya yada zango a kasuwarmu kafin ya isa Ƙonni. Kiɗan gitar Abzinawa, wanda ƴan Tinariwen suka fara yaɗawa daga zaman gudun hijira na Aljeriya da Libiya, Abdallah ag Oumbadougou kuma ya kafa tutarsa a Nijar, ya iso mana a kaset tun shekarun 1990, lokacin da mallakar kaset ɗin ma kan jawo wa mutum tambaya. Yau kuwa jihar Tawa ce ke fitar da makaɗan da duniya ke saurare. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan, da wayar burkin keke ya ɗaura tsirkiyar gitarsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula kafin wani kamfani ya san da su. Ƴan matan Illighadad, su Fatou Seidi Ghali, sun fito da faifansu a 2016, suka nuna cewa gita ba ta maza kaɗai ba ce. Yaranmu na fada suna da duk wannan a wayoyinsu. Ɗalibin da ke zaune a bencin baya yana kaɗa yatsu bisa tebur, sau da yawa abin da ke cikin kansa ke nan.

Matsalar tana farawa ne ranar da gitar gaske ta shigo hannunsu. Ba su ke zaɓe ba. Wani yaya ne da ke Abijan ko Tarabulus ya tuna da ƙanensa, ya shiga shagon gwanjo, ya ɗauko wadda ta fi ƙyalli, mai kaifin ƙahonni da ƙarafa da yawa a gindi. Ko kuwa wata ƙungiya ce ta samu tallafi, aka aika mutum Yamai ko Kano ya sayo kayan kiɗa, mai shago ya ce masa wannan ita ce ta manyan makaɗa. Bai yi ƙarya ba. Sai dai manyan makaɗan wani kiɗa ne daban.

Asalin abin daga Amurka yake. A 1954 kamfanin Fender ya fito da gitar da ake kira Stratocaster, da ɗan hannun ƙarfe a jikin jakinta, wanda in makaɗi ya danna sai tsirkiyoyi su saki, murya ta sauka, in ya saki ta dawo. Suka sa masa suna tiremolo. Aibinsa shi ne, in aka danna da ƙarfi, tsirkiya takan zame ta cikin tsagar da ke wuyan gita, ba ta koma daidai inda ta fito ba, sai murya ta kauce. Wani makaɗi mai suna Floyd Rose, wanda ya iya ƙirar kayan ado, ya gaji da wannan a ƙarshen shekarun 1970, ya ce to bari a ɗaure tsirkiyar a kai da gindi yadda ba ta da inda za ta zame. Ya ƙera kulle a wuya, ya ƙera kulle a jaki, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1979. Daga baya aka ƙara ƴan ƙananan kunnuwa a bayan jakin domin a iya taɓa murya kaɗan bayan an kulle. Eddie Van Halen, wanda ya rasu a 2020, shi ya sa duniya ta san abin, da kukan gitarsa mai faɗowa kamar jirgi ya kuma tashi. Tun daga nan masana'antu suka yi ta kwaikwayo, wasu da ƙarfe mai kyau, da yawa da ƙarfe mai taushi, kuma na biyun ne suka fi isowa gare mu. Abin dariya, Mdou Moctar kansa ya sha faɗin cewa ya ƙaru da kallon Van Halen, amma Stratocaster yake riƙewa a hannunsa na hagu, wadda ba ta da kulle.

Wanda yake son ya fahimci jakin nan, ya je wurin masu awo da sikeli mai faranti biyu. Farantin ƙarfen da tsirkiyoyi ke kulle a kai ba a ɗaure yake da jikin gita ba. Jingine yake da wasu turaku biyu na ƙarfe, kuma abin da ke taɓa turakun baki ne siriri kamar kaifin wuƙa. Ta sama tsirkiyoyi shida suna jan farantin zuwa wuya, da nauyin da ya kai kilo 40 zuwa 50 in an haɗa su, gwargwadon kaurinsu. Ta ƙasa kuwa, in ka juya gitar ka buɗe murfin bayanta, za ka tarar da sifirin, galibi uku, suna jan wani dunƙulen ƙarfe da ke manne da farantin, su kuma suna rataye a wata ƙugiya da sukuru biyu suka riƙe a cikin itace. Jaki yana tsakiya. Muddin ja biyun nan sun yi daidai, yana nan kwance sambal da fuskar gita. Ka ƙara wa tsirkiya ɗaya ƙarfi, jaki ya ɗan ɗaga, sauran biyar su saki. Ka gyara su biyar ɗin, ta farkon ta saki. Wanda bai san haka ba zai wuni yana zagaye kamar mai bin inuwarsa.

Gitar da ta sa na san duk wannan ta ƙungiyar matasan unguwarmu ce, wadda nake cikin masu ba ta shawara. Wani ɗan ci-rani ya kawo ta tsaraba. Yaron da aka damƙa wa ita tsohon ɗalibina ne, ya yi shekara biyu yana koyo da gitar ƙwarya ta aro, kuma kowa ya shaida yana da hannu. Bayan makonni kaɗan na lura ya daina zuwa gwaji. Da na tare shi na tambaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Mushe, ni dai na gane ba ni da kunne. In na daidaita ta na ji ta yi, kafin in gama waƙa ɗaya ta zama wani abu. Abokaina suna dariya.” Wannan maganar ita ta fi damuna a cikin al'amarin. Gita in ta lalace ana iya sayen wata. Amma yaro mai shekara 17 da ya yanke wa kansa hukunci cewa Allah bai ba shi kunne ba, alhali kunnen ne ma ya sa yake jin kaucewar da wasu ba su ji, wannan in aka bar shi ya tafi ke nan. Ban san adadin waɗanda suka ajiye kiɗa a kan irin wannan ba tsakanin Illela da Malbaza, amma na san uku.

Ba makaɗi ya warware mana ba. Wani mai gyaran babur ne a bakin tasha, mutum mai haƙuri da ƙananan abubuwa, wanda a da agogo yake gyarawa kafin salula ta kashe sana'ar. Ya juya gitar, ya kwance murfin, ya danna hannun ƙarfen yana kallon sifirin suna miƙewa suna komawa, ya yi shiru. Can ya ce, “Malam, ai wannan ba ta lalace ba. Awo ne. Wani ya taɓa gefe ɗaya bai taɓa ɗayan ba.” Muka zauna da shi da yaron maraice huɗu, da bidiyon da aka turo mana a waya da abin da idonsa ya nuna masa. Abin da zan faɗa yanzu daga wannan zaman ya fito, da kuma gitoci biyar ko shida da aka kawo masa bayan labari ya bazu.

Abu na farko da ake dubawa shi ne kwanciyar jaki. A ɗaga gitar a hango ta daga gefe. In bayan jakin ya ɗaga sama kamar jelar kunama, tsirkiyoyi sun fi ƙarfi, sai a ɗaure sukurun ƙugiya biyu na baya. In ya nutse cikin raminsa, sifirin sun rinjaya, sai a sassauta. Kaɗan-kaɗan ake yi, rubu'in juyi a kowane sukuru, a sake daidaita tsirkiyoyi duka, a sake hangowa. Akwai dabarar da ke rage wahalar. A sassaƙa ɗan itace, a cusa shi tsakanin dunƙulen ƙarfen da bangon ramin ta wajen gindin gita, daidai kaurin da zai sa faranti ya kwanta sambal. A sassauta sifirin har jan tsirkiyoyi ya danne itacen. Yanzu jaki ya zama kafaffe, ana iya daidaita kowace tsirkiya ba tare da ta taɓa ƴar'uwarta ba. In an gama sai a riƙa ɗaure sukurun a hankali har itacen ya saki ya faɗo da kansa. Inda ya faɗo nan ne awo ya yi daidai. Mai gyaran ya yi murmushi da ya ga haka, ya ce dabarar masu gini ce, a tokare bango har laka ta bushe.

Bayan awo ya daidaita, in har murya tana kaucewa, sai a tambayi gitar inda ke mata ciwo, kuma tana amsawa. A danna hannun ƙasa a saki, a saurara. A ja shi sama a saki, a saurara. In bayan dannawa duk tsirkiyoyi sun tsaya ƙasa da inda suke, bayan ja kuma sun tsaya sama, to jaki ba ya komawa mazauninsa, wani abu yana riƙe shi, kuma kusan kullum kaifin nan ne da turakunsa. In kuwa tsirkiya ɗaya ce ko biyu ke yawo sauran suna nan, laifin ba na jaki ba ne, wani kulle ne ba ya riƙo. Gwajinsa mai sauƙi ne. Bayan an kulle wuya, a danna tsirkiyar a tsakanin kullen da kunnenta, a kaɗa ta a ji. In murya ta motsa, kullen yana zamewa. Wani lokaci ƴan ƙarafan nan uku da ke danne tsirkiya bibbiyu an mayar da su a karkace ne bayan an cire, wani lokaci tsirkiya ta ci su ta yi kwari. Wani lokaci kuma duk kullen ne ke motsi domin sukurun da ke riƙe shi a wuya sun saki. Akwai wata ƴar sanda ta ƙarfe a bayan kullen wadda ke danne tsirkiyoyi ƙasa. In ta yi sama da yawa, sai ka daidaita gita sarai, da ka ɗaure kullen murya ta haura. Mutane da yawa suna ɗauka ado ce.

Zan daɗe kaɗan a kan kaifin, domin nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Turakun biyu suna juyawa, da su ake ɗaga jaki ko a sauke shi domin tsirkiya ta yi nesa ko kusa da wuya. Yaro ya ga haka, ya sa makulli ya murɗa alhali tsirkiyoyi suna ɗaure. Wato yana gurza kaifin a jikin turke da nauyin buhun gero a kansa. In ƙarfen mai kyau ne ya jure sau kaɗan. In na kwaikwayo ne, bakin ya dakushe ko ya tsage nan take, daga ranar kuma jakin ba zai ƙara sanin gidansa ba. Ba a taɓa turke sai an sassauta tsirkiyoyi. In bakin ya riga ya ɗan dakushe, mai hannu yana iya cire jakin ya wasa shi da lallausan zarto, yadda wanzami ke wasa aska, ba yadda mahauci ke wasa wuƙa ba. Sa'an nan a shafa ɗan abu mai santsi a wurin. Littattafan masu gita sun ce mai, amma waɗanda suka rubuta su ba su san hunturunmu ba. Mai da ƙura in sun haɗu sun zama dutsen niƙa. Mun fi samun sa'a da garin bakin fensir da aka kwaɓa da ɗigon basilin da bai fi kan tsinke ba, a goge abin da ya fito waje.

Sai ƙarfin hannu. Makullin da ake ɗaure kullen da shi ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai kusurwa shida, galibi mai milimita 3, da wani mai 2.5 na sukurun da ke riƙe mazaunin kowace tsirkiya. Gitar gwanjo ba ta zuwa da su. Sai a nemi filaya ko bakin wuƙa, a cinye kan sukurun, ko a sami makullin a ɗaure kamar ana ɗaure ƙafar mota har ɗan ƙarfen da ke riƙe tsirkiya ya fashe. Da yatsa biyu ake ɗaurewa, in ya tsaya a ƙara ɗan kaɗan a bari. Kafin a kulle kuma a tabbata ƙananan kunnuwan baya suna tsakiyar tafiyarsu, domin a sami wurin ƙarawa da na ragewa.

Sabuwar tsirkiya ita ma tana da halinta. Tana miƙewa kwana da kwanaki, a jaki mai lilo kuwa miƙewar ɗaya tana shafar duka. A sa ta, a daidaita, a ja ta da yatsu a hankali daga kai zuwa gindi, a sake daidaitawa, har ta daina sauka, kafin a kulle. A sauya ɗaya bayan ɗaya, kada a kwashe duka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya sa sababbin tsirkiyoyi da la'asar ɗin biki ya sayi kunya da kuɗinsa. A nan ne ma talaucinmu ke shiga cikin maganar. Ba a sayar da tsirkiyar gita a kasuwar Badagishiri, sai an yi saƙo Yamai ko Sakkwato ko Kano, kuma abin da ya samu shi ake kawowa. Yau lamba 9, gobe lamba 10, jibi gauraye. Kowane sauyin kauri sabon awo ne daga farko. Lokacin da aka rufe iyakar Ƙonni da Illelar Nijeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, na ga gita mai tsirkiyoyi daga gida uku daban-daban, da ɗaya da aka warware daga wayar burki.

Ga kuma yanayi. Itacen gita a ƙasa mai laima aka busar da shi aka ƙera. Ya zo nan ya gamu da iskar Disamba da Janairu wadda ke tsage leɓe da diddige, sai ya tsuke. Bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, sukuru su yi sako-sako a raminsu, wani lokaci gindin turke kansa ya fara rawa a cikin itace. Agusta ta zo, itace ya sha laima ya kumbura, wuya ya sauya lanƙwasa. A gita mai kafaffen jaki makaɗi yana murɗa kunne ya wuce wurin. A mai lilo sai an sake awo, aƙalla sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina, tare da bin kowane sukuru, har da huɗun da ke haɗa wuya da jiki. Gitar da aka ɗauko bisa babur cikin ranar Afrilu kuma a bar ta ta huce a inuwar wurin biki kafin a taɓa kunnuwanta.

Duk wannan ana iya koyonsa, yaron nan ma ya koya. Amma akwai tambayar da wani tsohon mai garaya ya yi mana, wanda yakan zauna kusa da rumfar mai gyaran yana kallonmu. Ya ce wa yaron, “Ɗana, wannan hannun da kuke ta wahala dominsa, sau nawa kake taɓa shi in kana kiɗa?” Yaron ya yi tunani ya ce, “Baba, ban taɓa ba.” Tsohon bai ƙara cewa kome ba.

Gaskiyarsa ce. Kiɗan da yaranmu ke yi, na arewa ne ko na Hausa da suke ɗorawa bisa gita, a yatsun hagu yake, da bugun tsirkiya da sakinta da sauri, da wata tsirkiya mai kauri da ake bari tana gunji a ƙarƙashin waƙa kamar yadda garaya ke yi. Makaɗa da yawa sukan sauya muryar wannan babbar tsirkiyar daga waƙa zuwa waƙa domin ta dace da muryar mawaƙi. Jaki mai lilo bai yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ka sauya tsirkiya ɗaya, sai ka nemo makulli, ka buɗe wuya, ka bi sauran biyar, amarya da ƙawayenta suna tsaye suna jira. Ka tura wata tsirkiya da yatsa domin ta yi kuka, jaki ya sunkuya, mai gunjin ta sauka, kunnen da ya saba da garaya ya ji abin nan take. Ka ɗora tafin hannu bisa jakin da ɗan nauyi, murya ta haura. Mafi muni, tsirkiya ɗaya ta tsinke a tsakiyar wasa, sifirin su rinjaya, sauran biyar su haura gaba ɗaya. Makaɗin Amurka yana miƙa hannu a ba shi wata gitar. Ƙungiyar da ke da gita ɗaya tak, wasa ya tashi, kuɗin da aka yi alkawari kuma ya zama abin jayayya.

Saboda haka ra'ayina, wanda na san wasu matasa ba za su so shi ba, shi ne a tokare jakin. A sassaƙa itace busasshe mai tauri, a cusa shi tsakanin dunƙulen ƙarfen da bangon ramin ta wajen sifirin, a ƙara ɗaure sifirin su manne shi da itacen. Da haka ko tsirkiya ta tsinke jaki ba shi da inda za shi, mai son danna hannun ƙasa kuma har yanzu yana iyawa. Wanda ba ya bukatar hannun sam ya tokare gefe biyu, ya sassauta kullen wuya, ya koma murɗa kunnuwa kamar kowa. Ba a huda kome ba, ba a yanke kome ba, ranar da aka so lilo sai a zare itacen. Na ji masu cewa wannan ƙasƙantar da gita ne, kamar a sayi doki a ɗaure shi a turke. Ni kuwa ina ganin mutanen da suka ɗauki gitar Turawa suka sa ta yi maganar Tamashek da Hausa ba su nemi izinin masana'anta ba, ban ga dalilin da zai sa a nemi izininta a kan ɗan guntun itace ba.

Ba zan zalunci Floyd Rose ba. Ƙirarsa in ta asali ce kuma an daidaita ta, tana riƙe murya fiye da kowace, sai a yi mako ana kiɗa ba a taɓa kome ba sai ƙananan kunnuwa. Tana kuma da wata falala da mai ƙirar bai yi tunaninmu ba da ya yi ta. Tun da yanke ƙullin gindin tsirkiya ake yi a kulle bakinta a jaki, in ta tsinke kusa da jakin, inda ta fi tsinkewa, ba ta mutu ba. In an bar rara a naɗe a kunne tun farko, sai a buɗe wuya, a warware kaɗan, a sake kulle bakin. Tsirkiya ɗaya tana iya yin rai uku. A inda tsirkiya ke zuwa a motar kasuwa daga nisan ɗaruruwan kilomita, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ma ko an tokare jakin ban ce a cire shi ba. Yaron da yake son kiɗan Van Halen da gaske kuwa, akwai su, a bar masa lilonsa, a koya masa awo.

Abin da nake roƙon ƙungiyoyi da masu kula da gidajen matasa shi ne su duba yadda suke rubuta bukatunsu. Kullum a takardar neman tallafi ana sa gita da ganguna da lasifika da injin wuta, ban taɓa ganin an sa tsirkiya ta shekara guda mai kauri iri ɗaya ba, ko makulli biyu masu kusurwa shida, ko ladan kwana uku na wanda zai koya wa yara biyu gyara. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, akwai makaɗan da suka san wannan aiki a Tawa da Agadas, kuma kowane gari yana da mai gyaran rediyo ko babur da zai gane abin in an zauna da shi. In za a sayi sabuwa, a tambayi yaran irin kiɗan da suke yi kafin a tafi, a juya gitar a duba bayanta a shago. In kuwa kyauta ce ta riga ta zo, kada a rataye ta, kada kuma a bari yaro ya ɗora wa kunnensa laifin sifirin.

Game da itacen tokarar, mun gwada iri uku. Guntun katakon akwati ya lotse cikin wata guda, murya ta koma yawo. Kirya ta riƙe sarai, sai dai taurinta ya sa sassaƙa ta daidai kaurin da ake so yana cin lokaci, kuma rabin milimita a nan yana sauya kwanciyar jaki. Aduwa ce ta fi mana, itacen da ake sassaƙa allo da shi, in an sami wadda ta shekara a bushe. Mai gyaran yana yanka ta da ɗan fiƙe kaɗan kamar ƙotar da za a sa wa gatari, ya goga da takarda mai yashi har ta shiga da tura ɗan yatsa, ya ɗiga mata gam kaɗan a gefen itacen gita kawai, domin kada ta faɗo in an danna hannun.